Benek da Ƙafar da Ta Yi Shiru

Mijina Benek bai taɓa hawa babur ɗin tsere ba. Na fara da wannan ne saboda mutanen garinmu sun ƙirƙiro sabon labari, wai tsohon mahayi ne da ya taɓa faɗuwa ya tsorata, shi ya sa ya yi abin da ya yi. Ƙarya suke yi. Mutumin da ko a kan keke in ya zo gangaren coci sai ya sauka ya tura, ina shi ina babur marar birki? Mai walda ne, ɗan mai walda. Shekara arba'in da ɗoriya ina wanke masa riguna masu hujin tartsatsi, don haka kada wani ya zo ya gaya mini wane ne shi.

Sadowno ƙaramin gari ne, ko a taswirar Poland sai ka sa tabarau kafin ka gan shi. Da abu biyu muke taƙama, masana'antar sukari da filin tsere. Masana'antar ta mutu tun muna da sauran ƙarfi, ya rage fili. Ranar Lahadi in an taso daga coci an ci abinci, kowa can yake nufa, har tsofaffin da sai an riƙe su. Babura huɗu ake saki lokaci guda a kan ƙasa mai ɓurɓushi, kuma ba mai birki a cikinsu. In mahayi ya iso kwana, sai ya kwantar da babur ya sauke ƙafar hagu tana jan ƙasa. Wannan ƙafar ita ce birkinsa, ita ce kuma idonsa. Da ita yake jin inda rami ya buɗe, inda ƙasa ta jiƙe, inda ta bushe ta yi santsi. Shi ya sa ake ɗora mata takalmin ƙarfe a kan na fata. Mu a nan silifa muke ce masa, kuma silifa ita ce sana'ar Benek.

Akwai ta kamfani, ana sayarwa a kwali. Benek ko taɓa ta ba ya son yi. Yakan ce, "Ƙafa ba gwangwani ba ce da za a yi wa kowa murfi iri ɗaya." Shi a ƙafar mutum yake ƙarasa aikinsa, yadda ya gada wurin ubansa. Zai gasa ƙarfen, ya bari jan ya mutu, ya naɗa jiƙaƙƙen tsumma a kan takalmin fata mahayi na sanye da shi, sannan ya zura silifar ya dinga bubbuga gefenta da ƙaramar guduma har ta rungumi ƙafar. Zafi kuwa yana ratsa tsumma, ya ratsa takalmi a hankali. Da ya iso ƙafa sai mahayi ya yi ihu, Benek ya kwara masa bokitin ruwa, shi ke nan aiki ya ƙare. Wani baƙo ya taɓa tambayarsa da me yake auna zafin. Ya ce, "Da bakinka."

Tun kafin a kawo ni gidan abin ya zama biki. Da ƙanƙara ta fara narkewa, maza ke cika shagon da ke bayan gidanmu, da giyarsu da busasshen kifinsu, sun zo kallon wanda zai fi daɗewa bai yi ihu ba. Mahayi zai zauna a kan tsohuwar kujerar aski, ya ɗora ƙafa a kan kututture, yana cije leɓe yana zufa, su kuma suna masa tsiya. Manyan maza masu jikoki, amma wannan ne wasansu. Ni aikina dafa shayi da share ƙayar kifi, da faɗa, wanda ba wanda ke ji.

A shagon akwai bango biyu da aka jera wa ƙusoshi, tsofaffin silifofi rataye a jiki. Na gefen taga na waɗanda suka bar tsere da kansu ne, suka kawo silifarsu ta ƙarshe suka rataye da hannunsu, aka sha abin sha aka yi dariya. Na bayan ƙofa na waɗanda suka mutu a fili ne, wani ya kawo musu, uba ko mata ko ƙane. Ba su da yawa, amma Benek ya san kowace. Yana goge musu ƙura, sai dai ban taɓa ganin ya tsaya ya kalle su ba.

Allah bai ba mu haihuwa ba. Na yi kukan wannan har na gaji, shi kuma nasa a ciki ya yi shi. Sai ƙanwarsa ta samu aikin jinyar tsofaffi a Jamus, ta kawo mana ɗanta Radek wai na ɗan lokaci ne. Ɗan lokacin nan har yau bai ƙare ba. A hannuna ya yi ƙyanda, a teburina ya koyi cin miyar kabeji yana ɓata rai. Benek ya so ya koya masa walda, amma yaron idonsa na kan fili. Na hana, na ɓoye masa hula, na yi rantsuwa. Banza. Ranar da Benek ya ƙera masa silifar farko ban yi wa kowa magana a gidan ba har aka kwana biyu.

A ranar ne kuma gari ya samu abin tsokanarsa. Ƙarfen bai gama zama ba Radek ya tsala ihu har karen maƙwabta ya amsa. Daga nan aka sa masa suna mai ƙafar jarirai. A fili ba ya tsoron komai, yana shiga ratar da ko mage za ta yi tunani, amma kowace shekara shi ne na farkon ihu a kujerar aski. Har bayan ya zama zakaran ƙasa, aka ɗauke shi a kafaɗa daga tashar jirgi zuwa dandali, ya sake cin kofin a karo na biyu, sunan bai bar shi ba. Shi ma dariya yake yi, ya ce, "Ƙafar da ke jin zafi ita ke jin ƙasa."

Ƙarshen kakar da ya kare kofinsa ne ya faɗi, a filin wani gari. Muna kallo a talabijin. A kwanar farko babur ya kwace masa, ya daki shinge ya dawo, na bayansa ba shi da yadda zai yi, ya bi ta kan gadon bayansa. Na tuna Benek ya miƙe tsaye, ya rasa inda zai je, ya koma ya zauna. An yi wa Radek tiyata, an ɗaure ƙashin bayan da ƙarfe. Likitan da ya yi aikin bai ɓoye masa komai ba. Ya ce zai yi tafiya, amma in ya sake faɗuwa a kan wannan bayan, keken guragu ne mafi sauƙin abin da zai iya samu. Ya ce shawara tana hannunsa.

Duk hunturun nan garin ba shi da wata magana. A layin burodi, a ƙofar coci, a wurin jiran bas: zai dawo ko ba zai dawo ba? Kowa ya zama likita. Kuma kusan kowa so yake ya dawo, domin in ba Radek kulob ɗinmu zai gangara ƙasa, daga nan ya bi sahun masana'antar sukari. Masu cewa suna ƙaunarsa su ne suka fi tura shi. Ni kam na gaya masa a fuska, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ga matarsa Ilona, ga 'yarsu da ba ta fara tafiya ba. Ya sumbace ni a goshi ya ce, "Inna, ke tun ina ɗan yaro kike ritayar da ni."

Na juya kan Benek na ce ya sa baki, yaron ya fi jin tasa. Ya ƙi. Ya ce, "Jiki magayi, Danuta. Shi ke cikin jikinsa. Ni takalmi nake yi." Haka yake tun da na san shi. Mahaya nawa suka zo masa da karyayyen haƙarƙari, da kafaɗa a naɗe, bai taɓa ce wa ɗaya kada ya hau ba. A ganinsa wannan ba huruminsa ba ne.

Radek kuwa ya dage. Ya bar sanda, ya fara gudu a bakin kogi, ɗan ɗingishin ma sai ka lura. Likitan kulob ya ƙwanƙwasa masa gwiwa, ya sa shi tsugunne ya miƙe, ya ga komai na motsi, ya ce ya warke. Gari ya ɗauka.

Ranar sa silifa shagon bai taɓa cika irin haka ba, har waje mutane suke leƙe ta taga. Henio mahauci, wanda bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi, shi ne a gaba.

Ya ce, "Danuta, a ba mu auduga mu toshe kunne, mai ƙafar jarirai zai zauna."

Radek ya ce, "Kai Henio, zo ka zauna mu gani mana. Ai kujerar ce za ta fara ihu."

"Ni ai ba zakara ba ne, ɗan nan. Ni nama nake yanka, ba na gasa nawa."

Aka bushe da dariya. Radek ya zauna ya miƙa ƙafa. Benek ya naɗa tsumma, ya ɗauko silifar da awartaki, ya zura, ya fara bugu. Radek na ta zuba, yana ba su labarin sabon injinsa, yana kwaikwayon yadda ma'aikatan jinya ke masa faɗa. Lokacin da ya saba ihu ya zo ya wuce. Wani ya ce, "Kai, ku duba." Aka fara yin shiru ana kallon juna, sai kuma aka fara tafi, ɗaya bayan ɗaya, har na waje suka kama.

Henio ya ce, "Asibiti ta mayar mana da shi namiji. Benek, wannan ko ubanka bai taɓa ganin irinsa ba. Bana kofi na uku ne."

Ina tsaye a bakin ƙofa da butar shayi, na ji ƙaurin ƙonanniyar fata. Tsumman ya bushe yana hayaƙi. Na ga gudumar Benek ta tsaya a sama. Ba ƙafar yake kallo ba, fuskar yaron yake kallo. Shi ma Radek ba ƙafarsa yake kallo ba, fuskar kawunsa yake leƙe ta gefen ido, kamar ɗalibin da ke jiran a raɗa masa amsa. Da idonsu ya haɗu, sai ya tsala ihu. Ni na raini yaron nan, na san ihunsa tun yana cikin zani. Wannan ba shi ba ne.

Benek ya kwara ruwan. Tururi ya tashi, shagon ya kaure da sowa, ana dukan Radek a kafaɗa, ana miƙa masa kofi. Benek ya zare silifar ya ce akwai sauran gyara, ya ajiye ta a kan tebur, ya fara tattara kayansa. Awartaki ya suɓuce masa ya faɗi.

Da mutane suka watse, Radek ya ɗauki rigarsa zai fita. Benek ya riga shi zuwa ƙofa ya sa sakata.

Ya ce, "Cire takalmin."

"Kawu, Ilona na jirana."

"Ta jira. Cire."

Ya cire. Safar ta manne da naman yatsunsa. Da na ja ta, fatar ta biyo. Ni na yi ƙara, shi kuwa kallon ƙafar kawai yake yi kamar ta wani ce aka ajiye a gabansa. Na kawo ruwan sanyi da man ƙuna, na wanke na shafa, ko gezau.

Benek ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun da na farka daga tiyata. Daga idon sawu zuwa ƙasa. Tana motsi, Kawu, duba, tana yin duk abin da na ce. Ji ne kawai ba ta yi."

"Wa ya sani?"

"Ku biyu."

"Likita fa?"

"In ya taɓa ina gani, sai in ce na ji."

Benek ya jawo benci ya zauna. A shekarunmu tare ban taɓa ganin ya tsufa a gabana lokaci guda ba sai ranar. Ya ce, "Da me za ka ji ƙasa?"

"Na san filin nan kamar yunwar cikina."

"Filin da ake kwara wa ruwa ana sharewa bayan kowane tsere? Na safe ma ba shi ne na yamma ba. Ka sani, na sani."

"Zan ji a hannu, zan ji a cinya. Zan saba."

"Su ukun da ke bayanka fa? Su ma ba su da birki."

"Kowa ya san abin da ya hau."

"Sun san sun hau babur. Ba su san makaho suke bi ba."

Fuskar Radek ta yi ja. Da ya buɗe baki muryarsa ta sauya, ta koma ta yaron da na sani. Ya ce, "To in na sauka, in zama me? Ban iya komai ba. Ko waldar nan ban iya ba. In je in zauna a dandali mutane na nuna ni suna cewa da can wannan wani ne? Kai ka sa mini silifar farko, Kawu. Inna ta hana, kai ka sa mini."

Wannan maganar ta shigi Benek, na gani. Ya ce, "Ni na sa maka, gaskiya ne. Shi ya sa nake gaya maka yanzu, a gaban Innarka, don kada ka ce na zagaye ka. Ranar Lahadi za a buɗe fili. Ka je ka gaya wa likita da bakinka. In ba ka je ba, ni zan je."

"Ba za ka iya ba."

"Kada ka gwada ni, ɗana."

Radek ya zura ƙonanniyar ƙafar a takalmi, ya zare sakata ya fita. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ko ɗingishin ƙunar bai yi ba.

Satin nan abinci bai wuce wa Benek ba. In na ajiye masa dankali da miya sai ya jujjuya cokali ya tashi. Yakan shiga shago ya kunna wuta, ya kashe, ya fito. Kullum kunnensa na ƙofa, ko yaron zai zo. Na ce masa, "Bari ni in je wurin likitan. Za su ce tsohuwa ce ta ruɗe, su zage ni kwana biyu su manta. Kai kuwa a hannunsu kake ci." Ya ce, "Ba ke kika sa masa ƙarfe ba." Na ce, "Ka san za mu rasa shi?" Ya ce, "Ko ta yaya za mu rasa shi. Zaɓi nake yi tsakanin bango biyu."

Ana jibi Lahadi muka ji labari a layin burodi cewa Radek ya sayo silifar kamfani. Mai ba ni labarin tana mamaki ne, ba ta san amsa ta kawo mana ba.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Benek bai cire kwat ɗinsa ba. Na ce in raka shi, ya ce a'a, sai na bi shi daga baya. Fili ya cika maƙil, ga tutoci, ga yara an shafa musu fenti a kumatu, ana rera sunan Radek tun ba a kunna inji ba. Benek ya ratsa mutane suna gaishe shi suna jan hannunsa, ya shiga ɗakin likita ya rufe ƙofa. Bai daɗe ba ya fito. Aka aika aka kira Radek, yana sanye da kayan tsere, hula a hannu. Daga baya na ji abin da aka yi a ciki bai fi komai sauƙi ba: likita ya ce ya rufe ido, ya soka masa allura a tafin ƙafa, ya ce ya gaya masa in ya ji. Radek ya zauna yana jira.

Aka fito da babura, aka kira sunaye, ba a kira nasa ba. Kafin rana ta faɗi babu wanda bai san wanda ya shiga ɗakin nan da kwat ɗin coci ba.

Washegari muka tashi an rubuta Yahuza, wato maci amana, da jan fenti a ƙofar shago. Na ɗauko buroshi zan kankare, Benek ya ce in bari, ruwan sama zai yi aikinsa. Mahaya suka daina zuwa, ƙanana da manya, kowa ya koma kwali. Henio yakan auna mini nama yana kallon bango. A coci bencinmu ya yi mana faɗi. Kulob ya gangara a shekarar, kamar yadda aka yi tsoro, kuma duk wasan da aka sha kashi laifin Benek ne, har wanda ruwan sama ya ɓata. Ya koma waldar ƙofofi da garmar manoman ƙauye, su da ba ruwansu da tsere. Ni na yi faɗa da rabin garin nan, kuma ban yi nadama ba. Shi ko sau ɗaya bai kare kansa ba.

Radek bai sake taka gidanmu ba. Ya samu aikin tuƙa motar wani kamfanin kujeru. Ya yi ƙiba, ya fara sha fiye da kima, ranar Lahadi in an kunna injuna sai ya rufe tagogi. Ilona ta zo sau ɗaya, ta ƙofar baya. Ta kama hannun Benek da hannu biyu ta ce ta gode. Na ji sanyi a raina, har na ɗora ruwan shayi. Sai ta ce, "Amma Kawu, mutumin da ke gidana yanzu ba shi na aura ba. Wani lokacin sai in ga kamar a can bakin shingen ya tsaya, gangar jikin ce kawai ta dawo." Benek ya ce, "Na sani." Shayin nan ba wanda ya sha.

Daga baya masu son tsokana suka samo labarin wani mahayi a wata ƙasa, wai shi ma ƙafarsa ta mutu amma ya yi shekaru yana tsere lafiya lau har ya ci kofi. Ko gaskiya ne ko ƙarya ban sani ba, amma sun tabbatar ya iso kunnen Benek. Na zaci zai ce ƙarya ne. Sai ya ce, "Zai yiwu. Wataƙila da shi ma ya ci na uku." Na ce, "Wataƙila kuma da muna tura shi a keke, ko wata uwa na zaginmu a bakin kabari." Ya ce, "Wataƙila." Wannan kalmar ita ke cin mijina har yau. Da Radek ya hau ya faɗi, da kowa ya ce Benek ya yi gaskiya. Da yake bai hau ba, ba wanda zai taɓa sani, har shi kansa. Ni a wurina ya yi daidai, amma ni ba ni ce ke kwana da abin ba.

Silifar nan tana nan kan tebur, sabuwa fil, ba ta taɓa ƙasa ba. Na tambaye shi wane bango za ta. Ya ce ba ta bayan ƙofa ba ce, mai ita na da rai. Ta gefen taga kuwa ba a rataye wa mutum, shi ke ratayewa da hannunsa. Ya kafa ƙusa a can ya bar ta haka. Duk sati yana shafa wa silifar mai kada ta yi tsatsa.

Yanzu an fara gaishe shi sama-sama, tun da aka samu sabon yaro mai gudu aka samu wani abin magana. Idonsa ya yi rauni, walda ta cinye shi, yawanci yana zaune ne a bakin tagar shago yana kallon titi. Kwanakin baya da hantsi ina yanka kabeji a kusa da shi, sai ga Radek ya ɓullo daga wajen kasuwa, 'yarsa a kan wuyansa, ta riƙe masa kunnuwa tana dariya. Ta yi girma, bana za ta shiga makaranta, kuma ba ta san mu ba. Da ya kusa gidanmu ya tsallaka ɗaya gefen titi, yadda ya saba. Bai waiwayo ba.

Raina ya ɓaci. Na ajiye wuƙa na ce, "Ka gani ko? Ko kallo. Yaron da na wanke wa kashi. Ka kashe sana'arka, ka kashe sunanka, ga sakayyarka nan tana tsallaka titi."

Benek ya dafa taga ya miƙe, ya matso da fuska jikin gilashi, yana bin su da ido har suka sha kwanar coci. Sannan ya koma ya zauna a hankali.

Ya ce, "Yarinyar nan ta yi nauyi yanzu, Danuta. Kin ga ƙashin bayan nasa ya iya ɗaukar ta."

Ya miƙa hannu ya jawo gwangwanin mai da tsumma.